Mita Ɗari Takwas da Ragon Baffa

Aikina kallon sama ne, kuma a Isa babu wanda ya taɓa ɗaukar shi aiki. Da na fara zuwa gida hutu daga ofishin yanayi na filin jirgin Sakkwato, abokai kan tare ni a tasha su ce in duba musu ko za a yi ruwa, su kwashe da dariya. Wanda ya fi kowa jin daɗin wannan tsiya shi ne baffana, ƙanen mahaifina. Ya taɓa faɗa a gaban mutane cewa an kashe shekaru ana karantar da ni abin da kowane makiyayi ke yi kyauta a bayan shanunsa.

Tsakanina da shi ba maganar dariya ba ce. Shekarar da mahaifina ya rasu, kafin damina ta zagayo, baffa ya sa aka tone gambar da ke iyakar gonarsa da tamu, aka sake dasa ta can cikin tamu. Shekara ta biyu ya ƙara matsawa. Da mahaifiyata ta kai kuka, sai aka je aka duba, aka ga gamba a tsaye kamar a nan Allah ya halicce ta, aka ce mata ta yi haƙuri. Abin da ya rage bai isa ya ci da mu ba, ta kwashe mu muka koma gidan iyayenta a Tozai. Na tsani mutumin nan tun ina ƙarami, kuma girma bai rage komai ba.

Ga yadda aikin yake. Duk rabin awa nakan hau saman ofis in duba iya nisan da ido ke kaiwa. Muna da alamomi da aka auna nisansu tun kafin in zo: jerin bishiyoyin dogon yaro a kusa, tankin ruwa can wajen ƙarshen titin jirgi, sai wata eriya mai nisa. Abin da na gani shi nake faɗa wa ma'aikatan hasumiyar kula da jirage, su kuma su faɗa wa matuƙi. Tankin nan mita ɗari takwas ne daga inda nake tsayawa. Ga yawancin jiragen da ke zuwa mana a lokacin, idan ganin ya gaza haka, matuƙi ba shi da izinin ko gwada sauka. Sai dai ya yi ta shawagi yana jira, in mai ya fara ja baya ya juya Kano.

Wata rana cikin marka, wajen hantsi, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na hau sama, ko dogon yaron da kyar nake gani, tanki kuwa babu labarinsa. Na faɗa wa hasumiya, na sauko ina tsane rigata. A nan na ji akwai ƙaramin jirgi na haya a sama yana jira, ɗauke da wani babba daga Abuja. Ban damu ba, manya kullum suna zuwa. Sai wayata ta yi ƙara, lambar da ban sani ba, muryar kuwa ko a mafarki na san ta.

Ashe baffa takara yake nema. An kafa rumfuna a Isa, an yanka shanu, babban nan zai je ya ɗaga hannunsa a gaban jama'a. Kuma kowa ya san hanyarmu: motar da ba ta bar Sakkwato da azahar ba, ba za ta bi ta Sabon Birni ta isa Isa da sauran rana ba, babu kuma mai kai babban mutum can bayan faɗuwar rana saboda rashin tsaro. Idan bai je yau ba, gobe ɗaya ɓangaren za su tsayar da nasu. Duk wannan baffa ya zayyana mini da bakinsa, yana kirana ɗansa, kalmar da ban taɓa ji daga gare shi ba. Wani ne a cikin masu tarba ya tsegunta masa cewa lambar da ta hana jirgi sauka daga bakin ɗan Isa take fitowa.

Ya ce, "Ɗana, an ce kai ka awo. To ka ɗan ƙara mai kaɗan mana, awa yadda aka gyara in an auna tiya. Jirgin shi sabka, sauran magana mu yi ta gida."

Na ce masa, "Baffa, wanga awo ba a yi mai gyara."

Bai yarda ba. A wurinsa duk abin da hannun ɗan'uwa ke riƙe da shi ana iya matsa shi, in dai an san yadda za a roƙa. Ya yi lallashi, ya ambaci zumunci, ya ambaci mahaifina, har ya ce marigayin da yana raye da ya sa baki. Na bar shi ya yi ta zuba. Na koma sama da wayar a kunnena, na leƙa wajen ajiye motoci, na hango shi tsaye a gefen rumfa, babbar rigarsa ta jiƙe ta manne masa, hularsa ta lanƙwashe, yana ɗaga kai sama kamar zai tsaga girgije da ido. Wallahi na ji daɗi. Ban taɓa son ruwan sama kamar na ranar ba, kuma daɗin ya fi yawa don ban yi ƙaryar komai ba. Gaskiya ce tsagwaronta take yi mini aiki, ni nawa kallo.

Na kashe wayar na sauko. Ya sake kira sau huɗu, ina kallon hasken wayar ina shan shayina.

Can sai hasumiya suka kira. Matuƙi ya ce saura masa kamar minti goma na jira, in babu sauyi zai juya. Suka ce in sake dubawa yanzu, kada in jira rabin awa ta cika. Na hau matakala ba gaggawa. Ina isa na ga ruwan ya fara tsagaitawa. Dogon yaro ya fito fes. Na kai ido can gaba ina fatan kada in ga komai, sai ga ƙafafun tankin, sai ga cikinsa, har tsatsar da ke gefensa. Kafin in gama haɗiye yawu eriyar ma ta fara leƙowa.

Ni kaɗai ne a saman nan. Abokin aikina yana ƙasa yana fama da takardu. Da na ce har yanzu tanki bai fito ba, babu mai ƙaryata ni, domin ruwa kan tsagaita ya dawo. Ba kuma wanda zai mutu, jirgi zai je Kano lafiya lau, a ba babban mutumin shayi, baffa ya koma Isa ya tarar da rumfuna da tukwanen nama da mutanen da zai yi wa bayani. Na hango fuskarsa yana wannan bayani, na ji har cikin ƙashina ina so. Na tsaya kusan minti guda ina roƙon Allah ya maido da ruwan, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ruwa bai dawo ba. Na ɗaga waya na faɗi abin da na gani. Ba tausayi ba ne, ko kaɗan. Bakina ne ya saba, shekara da shekaru abin da ido ya gani shi yake faɗa, ya riga zuciyata. Jirgin ya ɓullo ta ƙarƙashin girgije, ya bi fitilu ya sauka, masu tarba suka ruga da lema.

Abin da ya biyo baya ya fi ciwo. Kafin sati ya zagayo duk Isa an ji cewa baffa ya buga waya ɗaya, ɗansa na filin jirgi ya buɗe wa jirgi hanya. Da bakinsa yake faɗa a kowane zama, wai jini ba wasa ba ne. Waɗanda ke tsokanata a tasha suka koma gaishe ni da hannu biyu. Sannan sai ga rago an kawo mini har ƙofar gida, fari, ƙato, wai tukuici daga baffa.

Ban bar shi ya sha ko ruwan gidana ba. Aka yi sa'a ranar kasuwar Isa ce, na sa shi a bayan bas na shiga gaba. Muna isa na ja shi da kaina ta tsakiyar kasuwa, ta layin masu hatsi inda aka fi sanina, duk wanda ya tambaya in ce ragon baffa ne zan mayar masa, ban yi masa aikin komai ba. Na ɗaure shi a turken da ke ƙofar gidansa, mutane cike da zaure suna kallo, ban yi sallama ba na juya. An ce har yamma ragon na nan yana kuka, an rasa mai kwance shi. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai, amma takara dai ya riga ya samu.

Daga nan na hau babur zuwa Tozai. Mahaifiyata ta riga ta ji labarin baffa, tun ranar kuma take amsa wayata a taƙaice. Na same ta tana tsince wake a faifai. Na zauna na ba ta labari tiryan-tiryan, na dogon yaro, na tanki, na minti goma, don ta san ban yi wa mutumin nan alfarma ba. Ta saurara ba ta ɗago ba. Da na gama ta tambaye ni ko akwai wani a saman tare da ni lokacin da tankin ya fito. Na ce babu, ni kaɗai ne.

Ta ajiye faifan ta dube ni. Ta ce, "Kai kaɗai kag gane shi, kuma kah hwaɗi?"

Na ce e. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsintar wake, har na tashi tafiya fuskarta ba ta sake ba.