Takardar Ƙosai da Gonar Gero a Duniyar Wata

Shekarun baya, wata safiyar Asabar, ina tsugune ina wanke-wanke sai na ji motsin takarda a bayana. Na ɗauka ɓera ne. Ashe autata ce, lokacin tana firamare, ta cinye ƙosai tana miƙar da takardar da aka ƙunso shi a ciki.

Shafi ne daga wani tsohon littafin Hausa, duk mai ya ɓata shi. Labarin wata mata ce da ta hau jirgi za ta duniyar wata, da irin gero ƙulle a bakin zaninta, tana tambayar direban jirgin ina za ta fuskanta in lokacin salla ya yi a can. Nan shafin ya ƙare. Ba bango, ba sunan kowa.

Ran Litinin ta tafi da shi makaranta tana murna. Malaminsu ya duba ya ce fassarar littafin Turawa ce, Bahaushe ba ya rubuta irin wannan, in ta musa ta kawo sunan marubucin. 'Yan aji suka laƙaba mata 'yar wata. Ta dawo ido jawur, ni kuwa da saurin baki na ce zan nemo mata sunan. Da na san wahalar da ke gaba, da lallashi kawai na yi.

Mai ƙosan unguwarmu a Kawo ta ce a Babbar Kasuwa take sayo takardu. Maigidana ya ba ni izini, amma duk na dawo sai ya tambaya ko 'yar sandan ciki ta kamo mutumin. Yau a ce mai takardun ya yi tafiya, gobe a ce ya je jana'iza. Ƙafafuna har kumbura suka yi.

Da na same shi, dattijo ne da ya taɓa aiki a wata maɗaba'a da ta rufe. Yana ganin shafin ya gane. Ya ce littafin bai yi kasuwa ba, mutane soyayya suke nema, wasu ma cewa suka yi shisshigi ne cikin gaibu, ragowar a kilo aka sayar. Wani ɗan sakandare ne ke kawo rubutun daga Hayin Banki, sunansa ne a bango, amma ya manta shi. Gidan dai ya kwatanta mini, bayan wani injin niƙa.

Tsohuwa na tarar a kan tabarma tana jan carbi. Na gaishe ta, na miƙa mata shafin. Ta kai shi dab da idonta, sai kawai ta ɗora daga inda ya tsaya, da ka: direban ya ce wa matar ta nemi duniyarmu a sama, duk inda ta hango ta, can za ta fuskanta.

Ita ta rubuta. Ta ce iyayen mijinta ba su yarda sunan matar aure ya shiga kasuwa ba, shi ya sa ta sa na ɗanta na fari. Shi Allah ya yi masa rasuwa, littafin da ya rage mata kuma gara ta cinye. Na ce, Inna, yaya sunan nasa?

Ta sunkuyar da kai. "'Yar nan, kin taɓa jin uwa ta kama sunan ɗanta na fari?"

Na ce to nata fa. Ta yi murmushi ta ce, "Ba a sa shi ina da ƙuruciya ba, sai yanzu da nake jiran kira?"

Da na so, maƙwabta za su faɗa mini. Amma ni ma ban taɓa kama sunan nawa na farin ba, sai na ji kunyar in karɓo a ƙofar gida abin da ta hana ni a ɗaki. Na yi mata addu'a, na hau Keke Napep na dawo hannu rabbana.

Har yau in na tuna, gajiyar ce ke fara dawo mini kafin komai. Kunya ado ce, haka aka rene mu, ban kuma ce a daina ba. Sai dai ina yawan tunanin mata nawa ne suka yi abu irin nata, aka ƙunsa ƙosai da shi, aka wuce.

Ranar na zaunar da autata na ba ta labarin duka, na ce ta yi haƙuri, ba sunan da za ta kai wa malam. Ta shafa takardar, can ta ɗago.

"Mama, ba komai. In na rubuta nawa, sunana zan sa. Ai ni ba 'yar fari ba ce, za ki iya faɗa."