Kwaɗin Gindin Randa

Mijina kwaɗi yake fiɗa, kuma a kan haka ake biyansa. Na daɗe ina jin kunyar faɗa a gidan suna. Yana aiki ne a ɗakin gwaji na wani likitan dabbobi ɗan ƙasar waje a Sabon Gari, shekaru kaɗan kafin samun 'yancin kai, mu kuma muna zaune a Fagge.

Tsutsa yake nema a huhun kwaɗo, siririya kamar zaren ɗinki. Ya sa ta a madubin likita, ya auna baki da wutsiya, ya zana. Duk daminar nan abu ɗaya yake gani: kwaɗin kududdufinmu tsutsarsu mai tsukakken baki ce, na lambatun Sabon Gari mai faɗin baki. Likitan ya ce in dozin na ƙarshe ya tabbatar iri biyu ne, za a aika zanen ƙasar waje da sunan mijina a jiki.

Ranar wata Juma'a ya ajiye garwa biyu a tsakar gida, kwaɗin kududdufinmu shida nan, na Sabon Gari shida can, ya tafi masallaci. Rana ta take. Na leƙa na ga bayin Allah sun yi laƙwas, sai tausayi ya kama ni. Na juye su duka a gindin randa, inda ƙasa ke da sanyi. Da na ji ana dawowa, na mayar da su shida-shida. A wurina kwaɗo ai kwaɗo ne.

Bayan kwana biyu ya dawo jiki a sanyaye. Ya ce tsutsotsin sun cakuɗe, kowane iri ya fito a kowace garwa.

"Idona ne ya yaudare ni," in ji shi. "Wata huɗu ina zana abin da babu."

Ya naɗe takardun ya cusa a bayan akwati, tuwo ma loma biyu ya yi. Kwana uku ina fama da tsoro, ga ciwon ganinsa haka. Rana ta huɗu da hantsi na durƙusa.

"Malam, ni ce. Na haɗa su a gindin randa."

Na fara kuka. Can ya ce, "Duka goma sha biyun?"

Na ce duka.

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Alhamdu lillahi. Ashe idona lafiya lau."

Amma ruwa ya riga ya ɗauke, kwaɗi sun shige ƙasa. Kafin wata damina likitan ya koma ƙasarsu, zanen bai je ko'ina ba. Har Malam ya rasu bai taɓa yi mini gori ba, ni ce dai abin bai sake ni ba.

Ruwan farko na shekarar da ta biyo bayan cakuɗa kwaɗin, Malam ya shigo da sabuwar randa, ya girke ta nesa da tsohuwar.

"Wannan ta 'yan Sabon Gari ce," in ji shi. "In sun ji zafi, ki kai kowa tasa."