Ɓargon da Labbo Ya Kai Rouen

Duk wanda ya san karar shanu ta Sabon Birni ya san Labbo. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana, kullum da sanda a kafaɗa ko da babu abin kora. Idan mutum zai sayi saniya yana shakka, shi ake kira ya buɗe mata baki, ya shafa haƙarƙarinta, ya ce a saya ko a bari. Da can ba aikinsa ke nan ba. Yana da garkensa, shanu ashirin da 'yan kai, a wata ruga gabas da gari, har shekarar da daji ya lalace, 'yan bindiga suka kore su a yini ɗaya. Ya kwaso matarsa Laraba da yara ya shigo gari, ya samu aron gona yana noma gero. Tun daga ranar bai ƙara tsugunawa gindin saniya ya tatsa ba, kuma bai taɓa yi wa kowa kukan abin ba.

Yana da ƙanwa, Zahra'u, autar ɗakinsu. Shekara goma sha huɗu ya ba ta. Uwarsu ta rasu tana 'yar shekara biyar, saboda haka kusan a hannunsa ta tashi. Shi ya dage aka sa ta boko, kuma idan damina ta yi gulbi ya cika, a wuya yake ɗora ta ya tsallaka da ita, tana riƙe da kunnuwansa. Hamma take kiran sa, yadda Fulani ke kiran wa. Ta yi karatu a Isa, ta ƙarasa a Sakkwato, sannan ta auri Talha, wani Bagobiri ɗan Maraɗi mai tuƙa bas a ƙasar Faransa. Shekara goma sha ɗaya tana can, sau biyu kacal ta zo gida.

Wata ranar kasuwa da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Talha ne.

"Hamma Labbo, Zahra'u ba ta da lahiya."

"Subhanallahi. Mi ya same ta?"

"Sankarar jini ce. Likitoci sun ce ɓargonta ya daina yin jini mai kyau. Sai an samu na ɗan'uwanta, uwa ɗaya uba ɗaya, an dasa mata."

Shi ɓargon da Labbo ya sani shi ne wanda ake fasa ƙashi a tsotsa. Can ya ce, "To, in ƙahwa za su yanke, su yanke ta hagu. Dama ita ka yi min ciwo."

Talha ya yi wata irin dariya mai haɗe da kuka. Ya ce babu abin da za a yanke, da allura ake zuƙa daga ƙashin ƙugu.

Su uku suka je Sakkwato aka ɗebi jininsu, shi da ƙanensa Kamalu da ƙanwarsu Sa'adiyya. Bayan mako uku sakamako ya zo, nasa ne ya dace. Sai aka shiga neman fasfo da biza, ya yi ta zirga-zirga da takardun asibiti a cikin leda, har zuwa Abuja. Sunan garin Rouen, amma a bakinsa da Ruwan yake fita. Idan ya ce wa abokansa na kara, "Za ni Ruwan," sai su ce, "Ruwan wa?" Laraba ta samo masa rigar sanyi mai kauri a gwanjo, ta wanke ta sau biyu. Bayan ƙaramar Salla ya tashi.

Talha ya tarye shi a Paris, suka shiga jirgin ƙasa. Labbo ya manne da taga. Tsanwa ko'ina, ciyawa har gwiwa, ga kogi yana bin su yana lanƙwasa, kuma babu mai kiwo ko ɗaya. Da suka kusa, Talha ya nuna masa wani tsini baƙi da ya soki gajimare, ya ce babbar majami'ar garin ke nan.

A asibiti ya kusa wuce Zahra'u bai gane ta ba. Ta rame, gashinta ya zube, ta ɗaura ɗan kallabi. Ita ta fara magana.

"Hamma, ka yi hurhura."

"Ke kuma kin koma yarinya," in ji shi. Ya zauna a bakin gado ya riƙe yatsunta har aka ce lokaci ya yi.

An yi kwana goma ana auna shi. Ranar aikin aka yi masa allurar barci, ya farka ya ji ƙugunsa kamar ya yini yana huɗa. A ranar aka ɗaura mata abin da aka zuƙa, a cikin leda, yana ɗiga kamar ƙarin jini. Da ya ga hoton a wayar Talha sai ya ce, "Wannan ɗan abin ne na baro Sabon Birni saboda shi?"

Kwana biyu bayan haka mura ta kama shi. Zahra'u kuwa tana ɗaki na musamman, jikinta ba shi da garkuwa ko kaɗan, tari ɗaya zai iya kayar da ita. Aka hana shi shiga. Akwai dai tagar gilashi ta wajen baranda, da wayar da ake magana ta ciki. Ranar farko ya tsaya riƙe da wayar, ya tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi, shi ke nan magana ta ƙare masa. Bakinta duk gyambo ne saboda magani, ba ta iya dogon zance. Suka yi ta kallon juna.

Rana ta biyu ta ce, "Hamma, tsayuwag ga taka tana ƙara min ciwo. Ka tahi ka ga gari, ka zo ka ba ni labari. Ka fara da majami'ar can. Shekara sha ɗaya ina wuce ta, ban taɓa leƙawa ba."

"Ni in shiga coci?"

"Ba salla za ka yi ba. Kallo za ka yi min."

Talha yana wurin aiki, saboda haka shi kaɗai ya tafi. Bai buƙaci mai nuna hanya ba, tsinin ya sa a gaba, yana bin lunguna masu daɓen dutse da tsofaffin gidajen katako da suka jingina da juna. Da ya ɓullo filin gaban majami'ar sai ya ja ya tsaya. Ginin dutse ne, amma an sassaƙe shi kamar zanen ƙwarya, tun daga ƙasa har inda wuya ke gajiya. Mutum-mutumai na dutse jere a cikin ramuka, wasu babu kai, wasu babu hannu. Ya daɗe yana kewaya bakin ƙofa. Yayyafi ne ya raba gardama. Ya yi bisimilla a zuci, ya sunkuya zai cire takalmi, wata tsohuwa mai rarraba takardu ta yi murmushi ta girgiza masa kai. Ya shiga da abinsa.

Da la'asar ya dawo taga, kuma a ranar Zahra'u ta ji wanta ya yi maganar da ba ta taɓa jin ya yi irinta ba.

"Ciki da sanyi kamar bakin rijiya. Ginshiƙai ne jere kamar giginyu, can sama sun haɗa kai. Tagogin kuma gilashi ne ja da shuɗi, in haske ya bugo sai launin ya zubo ƙasa. Na tara hannu, hannuna ya koma shuɗi."

"Da mutane?"

"Kaɗan. Akwai wani dattijo da ya kunna kyandir ya zauna yana share hawaye. Ban san wa ke gare shi kwance ba. Na zauna nesa da shi kaɗan, na ja carbina cikin aljihu. Da ya tashi ya ɗaga min kai, ni ma na ɗaga mishi."

Ta lumshe ido. Ya zaci barci ta yi, sai ya ji ta ce, "Ci gaba."

Daga nan abin ya zame masa aiki. Kullum da safe ya fita, da la'asar ya kawo rahoto. Ya ba ta labarin wani babban agogo mai hannu ɗaya da aka gina a kan titi mutane suna bi ta ƙarƙashinsa, da jiragen ruwa masu dakon alkama, da yadda magariba ba ta yi sai tara ta wuce. Ranar da Talha ya raka shi majami'ar ya fassara masa wani allo, da sauri ya dawo.

"Kin san hasumiyar hannun dama? Sunanta Hasumiyar Man Shanu. Wai lokacin azuminsu an hana su cin man shanu, su kuwa ba su iya haƙuri, sai su ba da sadaka a yafe musu. Da sadakar anka gina ta. Mutanen ga 'yan'uwanmu ne, Zahra'u."

Ta yi dariya har ta kama baki saboda zafi.

A mako na biyu zazzaɓi ya rufe ta. Kwana uku labule yana sake a tagar. Labbo bai fasa fita ba, bai kuma fasa zuwa ba. Yakan zauna a kujerar baranda ya tara labarinsa, ya yi ta maimaita shi a zuci kada ya manta, har ma'aikaciyar jinya ta zo ta yi masa alama da hannu cewa ya je gida. A rana ta huɗu aka ɗage labule. Ta ɗauki wayar da ƙyar.

"Hamma, ka ga shanunsu?"

"Daga jirgi dai."

"Ka tahi ka gan su kusa."

Ya gane abin da take nufi, ya kawar da kai. Ita kaɗai ta san abin da garken nan yake a wurinsa.

Ran Lahadi Talha ya ɗauke shi a mota suka yi gabas, wajen tafiyar awa ɗaya, cikin tuddai da gonakin tuffa da suka yi fure fari fat. Wani abokin aikin Talha ne ya haɗa su da kawunsa, tsoho mai jan fuska da manyan hannuwa. Shanunsa gajeru ne masu faɗi, fari da ja-ja, babu tozo, ƙahon ma babu, kowace da duhu kewaye da ido kamar ta sha kwalli. Labbo ya tsaya a bakin shinge ya yi ɗan sautin da yake kiran nasa da shi. Biyu suka ɗago kai. Ɗaya ta tako a hankali ta sa hanci a tafinsa.

Tsohon ya dube shi, ya yi wa Talha magana. Talha ya ce, "Wai yana tambaya, shanu nawa gare ka?"

"Ce mishi da dai akwai."

Ko da aka fassara, tsohon bai ƙara tambaya ba. Ya shiga ciki ya fito da bokiti da 'yar kujera. Ya nuna wata saniya da ya ce ta ƙi injin tatsa tun da ta haihu, ya gaji da harbinta. Labbo ya ture kujerar gefe. Ya shafa wuyanta, ya bi bayanta da hannu yana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Fillanci, sannan ya tsuguna duk da ciwon ƙugu, ya matse bokitin tsakanin gwiwoyinsa, ya jingina goshi da cikinta. Nono ya fara sauka, tsiri-tsiri, sannan ya yi ƙarfi, kumfa ta taso. Talha ya lura kafaɗun surukinsa suna rawa, sai ya ja tsohon suka tafi kallon maruƙa.

Da zai tafi tsohon ya cika masa kwalba, amma likitoci sun hana Zahra'u ɗanyen nono. Labari kawai ya kai mata, da hannuwansa da ya ɗaga a gilashi.

"Sun tuna?" ta tambaya, tana kallon hannuwan.

"Sun tuna."

A kwana na goma sha tara likita ta tare su a baranda da takarda a hannu, tana murmushi. Talha ya saurara, ya juyo idonsa ya cika. "Ya kama, Hamma. Ɓargon ya kama, ya fara yin jini." Labbo ya nemi gabas a wayar Talha, ya yi sujada a nan kan tayil ɗin asibiti, mutane suna ratse shi.

Murar ta warke, aka ba shi takunkumi da riga ya shiga. Kwana shida ya samu yana zama kusa da ita kafin bizarsa ta ƙare. Likita ta ce da sauran tafiya, shekara guda ana lura, amma hanya ta yi kyau. Ranar bankwana Zahra'u ta riƙe bakin rigarsa ta ƙi saki, sai da ya ce, "Haba auta, ruwa ya kusa sauka, wa zai yi min shuka?"

Ya iso Sabon Birni kwana biyu kafin ruwan farko. Mutanen kara suka yi ta tambayar sa ƙasar Turawa, ya ce akwai sanyi, akwai ciyawa, ya koma bakin aikinsa. Laraba ce kawai ta sha labari, ita ma a gutsure.

Duk Juma'a bayan masallaci Zahra'u takan kira. Gashinta ya fara tsirowa, tana fita har bakin kogi. Wajen kaka ta kira shi da ƙorafi.

"Hamma, mi ka zuba min a jiki? Ni da ban son hura tun ina yarinya, yanzu ba abin da nike marmari sai ita. Talha ya kewaye garin ga kaf bai samu gero na kirki ba."

Labbo yana tsaye a gona, gero ya fi shi tsawo, zangarniya ta sunkuya. Ya kamo ɗaya ya murza a tafinsa, ya hure ƙaiƙayin.

"Ki ba geron ga kwana goma," ya ce. "Bai gama bushewa ba."