Fuskar da ke Ƙarƙashin Goshina

Ina raka'a ta biyu mai yi mana jagora ya fara ƙwala min kira daga bayan igiya. Ina jin sa sarai, amma ai ba a amsawa ana sallah. Sai na ƙara sauri.

Puerto Rico muka je, ni da wani ɗan can da muke wankin mota tare a Bronx. Shi ya ce ba sai da biza ba, duk ƙasa ɗaya ce. Kawuna, wanda nake zaune a wajensa a unguwar Concourse, bai so tafiyar ba. Wata mai kamawa za a kira ni intabiyu a kan takarduna, ya ce ko tikitin fakin kada in bari a rubuta min.

Dajin da muka shiga na gwamnati ne, ruwa ba ya ɗaukewa, ko'ina taɓo. Jagoran ya tsayar da mu bakin rafi yana ta bayani a kan mutanen da suka zauna wurin kafin zuwan Turawa. Ni kuwa dogon bayani ne ya kore ni daga makaranta. Na ga azahar na wucewa, na zame na yi alwala. Na hango wani falalen dutse mai tsabta, busasshe a ƙarƙashin bishiya, na tsallake igiyar da aka kewaye shi da ita na hau.

A sujadar ƙarshe na gani. Ruwan alwalata ya jiƙa dutsen, wani zane ya fito: ido biyu da baki, sassaƙar mutanen dā ɗin nan, daidai inda nake sa goshi.

Na sallame na sauko. Jagoran na riƙe da oba-oba, ya ce doka ce ya kira ma'aikatan dajin su ɗauki sunana. Abokina ya shiga ba shi haƙuri da yarensu, yana juyowa yana zagina da Turanci. Ni dai na nuna wa jagoran ƙafata ba takalmi, na ce ban kankare komai ba.

Sai ya ce kakarsa ma in tana addu'a ba ta kula kowa.

"Daga nan har mota kana gefena," in ji shi. "Riƙe lemar nan."

Haka na bi shi kamar ɗan firamare, na sha bayanin har ƙarshe.

A mota na tura wa kawu saƙo: "Kawu barka da yamma. Lafiya lau, ba wanda ya rubuta sunana. Don Allah in ka je masallaci ka tambayar min liman, wanda ya yi sujada a kan zanen fuska bai sani ba, zai rama azahar ɗin? Kar ka ce ni ne."