Rumfar Iskar da Kowa Ya Sa wa Albarka

Ko tsufa ya zo ya kwashe komai daga kaina, har lambar gidana da sunan titinmu, na tabbata zai bar min abu ɗaya: ranar da rumfar iska ta durƙusa a kan dattawan Greensboro suna tsakiyar cin tuwo. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na ji taya ta fashe a titin Wendover sai na ɗaga kai na duba sama.

Abin ya faro ne da zuwan mahaifina daga Zariya. Mun sha fama kafin ya samu biza, na yi ta cika baki cewa zai daɗe, ya huta, ya yi kumatu. Muna zaune a afatmen, a bene, bayan wasu manyan kantuna. Ni ina aiki a weyahawus, wato babban sito, uwargida tana nata aikin, yara in sun dawo daga makaranta su gaishe shi da Turanci su shige ɗaki. Baba kuwa mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a rumfar ƙofar gida, wadda shi ya kafa dirkokinta da hannunsa. Mai wucewa ya yi sallama, masu rigima su kawo ƙara, mai mataccen rediyo ya ajiye a duba masa. A nan ko kofi mun hana shi ɗauka. Da ya yunƙura sai mu ce, "Baba zauna, a kawo maka." Na kai shi ya ga dogayen gine-gine, ya ce madalla. Na kai shi kantin da faɗinsa ya kai unguwarmu har da maƙabarta, ya ce madalla. Ni kuwa na san wannan madallar tun ina yaro, ba ta yabo ba ce.

Wata safiya a farkon mako ya kira ni. "Ka canza min tikitin nan. Alhamis ta sama nake son tafiya."

"Baba, wani ne ya ɓata maka rai?"

"Wa na gani da zai ɓata min? Garin da ba rumfa, a ina mutum zai zauna a san yana nan?"

Rumfa! Nan take kaina ya kawo wuta. Ina da wata 'yar tirela da na saya a hannu, irin ɗakin nan mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota a tafi shan iska. Don ƙanƙanta, in ka yi atishawa a ciki sai ƙofar ta buɗe. Uwargida akurki take ce mata. Tana ajiye a filin wani abokin aikina mutumin Jos, can McLeansville, inda gidaje suke nesa da juna kamar masu gaba. Na roƙi Baba ya ba ni zuwa Asabar. In bai gamsu ba, da hannuna zan canza tikitin.

Na shiga onlayin neman rumfar da ake maƙalawa a jikin tirela. Akwai mai sandunan ƙarfe, amma ita tana buƙatar mutum biyu masu haƙuri, ni da uwargida kuwa ko labule muka zo ratayawa sai an yi shari'a. Sai na ci karo da wata da ta hana ni sakat: wai ba sanda ko ɗaya, ƙafafunta iska ce, famfo kawai za ka ba ta ta miƙe. Na ce ƙarya ne, sai na gani. A saman tirelar akwai wani siririn kwari na ƙarfe da ake zura bakin rumfar a ciki, kuma dole ka auna daga nan zuwa ƙasa kafin ka saya, in ba haka ba ko ta ɗage kamar wandon aro, ko ta ja ƙasa. Na je na auna. Saura zaɓi ɗaya: akwai wadda kowace ƙafa da nata bakin hura iska, akwai wadda baki ɗaya ke ciyar da duka. Don son jiki na ɗauki mai baki ɗaya. Ban tsaya na tambayi kaina ba, in duk ƙafafun a haɗe suke, ɗaya ta huje, ina labarin sauran?

Asabar da sanyin safiya muka isa. Ni da mutumin Jos muka zura bakinta a kwarin, muka buga turaku, na jona famfo na fara dannawa. Sai ga abu yana motsi a ƙasa, ya ɗaga baya, ya ɗaga gaba, kamar raƙumi zai tashi, kafin ka ce me ta tsaya cak da tagoginta. Baba ya taso daga kujera ya zagaya ta.

"Ina dirkar?"

"Iska ce, Baba."

"Iska." Ya danna ƙafar da babban yatsa, ya sake dannawa, ya koma ya zauna. Bai ce madalla ba. Na lura da wannan.

Famfon yana da ɗan agogo mai allura, gefe kore, gefe ja. Takardar da ta zo da ita ta ce a tsaya a kore, in lokacin zafi ne ma a ɗan rage, don iska kumbura take yi in rana ta dake ta. Watan Agusta muke. Na tsaya daidai inda aka ce, na bar famfon a jone, na tafi hura wutar nama.

To ga inda lissafina bai kai ba. Na gayyaci duk wani mai jin Hausa da na sani, don Baba ya ga jama'a. Shi kuwa mutuminmu ba ya zuwa inda ake hidima ya zauna bai sa hannu ba. In gini ake ya miƙa bulo, in yanka ake ya riƙe ƙafa. A nan aiki ya ƙare, abin da ya rage a fili famfo ne kaɗai.

Wani Alhaji Bakano, babba a cikinmu, shi ya fara isowa. Ya gaisa da Baba, ya kalli rumfar sama da ƙasa. "Wai da gaske iska ce zalla?" Ya naɗe hannun babbar riga. "Kawo mu sa albarka."

"Alhaji, ai ta cika."

"Kai Bazazzage, yaushe ka taɓa cika abu? Ko shayi ka zuba wa mutum rabin kofi ne." Ya danna, ya danna, yana kallon allurar tana rawa kamar ya samu sabon jika.

Ku gaya min, ta yaya zan ƙwace famfo a hannun dattijo a gaban mahaifina? Na yi dariyar yaƙe na koma wurin nama. Daga nan duk wanda ya sauko daga mota tambayarsa ɗaya, iska ce kawai? Sai ya taɓa, sai ya danna don ya gani da idonsa. Wani mutumin Maraɗi ya leƙa agogon ya ce, "Bon, ai allurar ba ta kai ƙarshe ba," ya ƙara mata. Har Malam, limaminmu, da bisimillarsa ya danna. Mutumin Jos ya matso kusa da kunnena ya ce, "Oga, wannan abu zai yi magana fa." Na lallaɓa na cire famfon, na juya, wani ya mayar da shi, wai ya ga ya fita.

Rana ta take. Ƙafafun rumfar suka yi tauri, in ka ɗalle su sai su amsa kamar kalangu. Bayan azahar mata suka kawo tuwo da miyar kuka, dattawa suka yi da'ira a ƙarƙashi, Baba a tsakiya. Na tsaya ina kallo ina cewa a raina, yau tikiti ya mutu.

Sai dum!

A ƙasar nan kowa ya san abin da irin wannan ƙarar ke nufi: harbin bindiga. Mutanen da ke sallah a kan kujera saboda ciwon gwiwa, ranar na ga sun yi tsalle. Karnukan McLeansville kaf suka ɗauka. Ita kuwa rumfar ba ta yi gaggawa ba. A hankali ta sunkuyo, cikin ladabi, kamar mai gaida surukai, ta lulluɓe kowa. Ba ka ganin komai sai tudun huluna a ƙarƙashin yadi, da muryar Malam yana salati, da Alhaji yana ihu, "Miyar! A riƙe miyar!"

Na kutsa da rarrafe ina neman Baba. A zuciyata na ce ba Alhamis ba, yau zai ce a kai shi filin jirgi.

Na same shi yadda na bar shi, yadi a kan hula, ya kara kunne a jikin ƙafar rumfar yana bin wani siririn huci. "Ku yi min shiru," ya ce. Ya laluba ya sami zif, ya ja, ya zaro wata doguwar roba daga ciki. Ya ɗaga ta ya juya. Sai ya fashe da dariya, ta farko tun saukarsa.

"Ashe tif ne! Tif ɗin keke ne ya samu wuri!"

Daga nan ban ƙara jin muryata ba a wurin. "Kai, ruwa da omo a roba. Alhaji, riƙe nan, kar ka ja. Kai kuma ba ta iska kaɗan, kaɗan na ce!" Ya bi ta da kumfa har ya gano inda ta tsage a bakin haɗi. Akwai 'yan kayan faci a jakar rumfar, ya liƙa, muka jira, muka ba ta iska. Ta miƙe rabi, ta yi tsaki, ta koma ta kwanta. Na ce shi ke nan. Da na dubi fuskarsa sai na ga idonsa har ƙyalli yake.

"Wannan robar ba irin tamu ba ce," ya ce. "Gam ɗin ma ban gane halinsa ba tukuna."

A gindin bishiya aka ƙarasa tuwon, ba wanda ya tafi, kowa da shawararsa, kuma ba wanda ya yarda shi ya yi dannan ƙarshe.

A hanyar gida tif ɗin yana kan cinyarsa yana shafa shi. Na yi gyaran murya. "Baba, maganar Alhamis ɗin nan."

"Wace Alhamis? Asabar za mu koma mu gwada. In bar aiki a rabi?" Muka yi tafiya kaɗan, sai ya ƙara da cewa, yana kallon taga, "Ni ma fa na danna. Lokacin kana wurin nama. So nake in ga inda za ta tsaya."

Sai da bizarsa ta ƙare ya tafi. Duk Asabar yana McLeansville, rumfa a miƙe da facinta, mutane suna kawo masa matattun fankoki da rayayyun rigingimu. Famfon yana ƙarƙashin kujerarsa, ko Alhaji ya miƙa hannu sai ya ce, "Albarkarka ta ranar nan ta ishe mu."

Na koyi cewa in ka sayi rumfar iska ka tsaya a kore, sannan ka kulle famfon a but ɗin mota kafin baƙi su iso. Babban abin da na koya kuwa, na ɗauka girmama tsoho shi ne a raba shi da kowane aiki. Na kashe kaina ina nema wa Baba inuwa, ashe abin da ya rasa a garin nan shi ne wani abu da zai lalace a ce sai shi.