Dariyar Kawu Gemu

Wata rana, wata Asabar bayan azahar, wasu 'yan'uwa biyu suka shiga wani gidan silima a Kano, suka zauna a layi na tara. Ko kallo ba su ishi kowa ba.

Da mutanen ɗakin sun san ko su wane ne, wallahi da ɗaukar hoto kaɗai ya hana su zama.

Babban, Sagir, shi ne muryar Kawu Gemu. Shekara tara cur.

In ba ka san Kawu Gemu ba, wani tsohon bunsuru ne na katun da ake nunawa a talabijin. Mayen sarauta. Kullum cikin ƙulle-ƙullen yadda zai zama mai unguwa, kullum kuma asirinsa sai ya tonu. Yara suna son sa kamar me. Iyayen nan masu cewa "ai kallon yara ne", su ne za ka kama suna leƙowa ta labule suna ƙunshe dariya.

To shi ne aka mayar da shi fim na silima, ranar nan kuma ranar aka fara nuna shi.

Amma akwai abin da babu wanda ya sani a ɗakin.

Sagir ba ya magana.

Ciwo ne ya kama shi a maƙogwaro. Aka yi ta magani, daga ƙarshe aka yi masa aiki. Allah ya bar shi da ransa, murya kuwa ta tafi. Shi ya sa ya naɗe wuyansa da hirami a wannan uban zafi. In zai yi magana, sai dai ya rubuta a waya ya miƙo maka.

Muryar da ke cikin fim ɗin ta ƙanensa ce, Lurwanu. Tela ne, bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar murya ba a rayuwarsa. Abin da kawai ya iya shi ne kwaikwayon yayansa, tun suna yara har yakan sha duka a kai.

Wata huɗu yana ɗora muryar nan, Sagir na zaune gabansa yana yi masa nuni da hannu: ɗaga, sauke, dakata, sake.

Masu fim ɗin sun so su sanar da jama'a tun farko. Sagir ya roƙe su a ba shi kwana ɗaya tak. Ga abin da ya rubuta musu:

"Shekara tara ina ba mutane dariya daga cikin ɗan ƙaramin ɗaki, ban taɓa jin dariyar da kunnena ba. Ku bari in ji ta sau ɗaya. In suka sani, tausayi za su ji, ba dariya ba. Gobe ku faɗa wa duniya."

Wannan ke nan kawai abin da bawan Allah nan ya roƙa.

Shi ya sa Lurwanu ya shigo silima kamar wanda za a yanke wa hukunci. Ko abincin rana bai iya ci ba.

Aka kashe fitilu.

Kawu Gemu ya bayyana a allo da hularsa a karkace, ɗaki ya ɗauki tafi da fito. Ya buɗe baki ya yi maganar farko, aka kwashe da dariya.

Lurwanu ya saci kallon yayansa. Sagir ya rufe ido, ya jingina da kujera, yana saurare.

Alhamdu lillahi, in ji Lurwanu a ransa. Ya fara sakin jiki.

Ashe da sauran aiki.

A hagunsa akwai wani dattijo da baƙin tabarau, ya soke sandarsa tsakanin gwiwoyinsa. Makaho ne. Kusa da shi matarsa, wata dattijuwa, ta kara bakinta a kunnensa tana ba shi labarin abin da ke allo: "Ga shi nan ya hau mota... hular ta faɗi... akuyar nan ta taka ta."

Tun shigowarsu wasu samari suka yi ta zungurar juna. Kun dai san mutanenmu: "Makaho a silima? To me ya zo gani?"



Abin da ya dami Lurwanu daban ne. Kowa na dariya, dattijon nan ba ya yi.

Minti goma, shiru.

Minti ashirin, shiru. Ya ma karkatar da kansa, ya juya kunne ɗaya wajen allo, ya ɗaga wa matarsa hannu alamar ta dakata.

Sai Kawu Gemu ya yi dariyar nan tasa da kowane yaro ya haddace.

Dattijon ya gyara zama. Da murya irin ta wanda bai saba raɗa ba, ya ce:

"Uwani, wannan ba Kawu Gemu ba ne."

Innalillahi.

Zufa ta keto wa Lurwanu duk da sanyin na'urar ɗakin.

Matar ta ce, "Malam, yi a hankali mana, ga shi nan ina ganinsa."

Ya ce, "Ke kike ganinsa. Ni jin sa nake yi. Ba shi ba ne."

A layin gabansu akwai wani matashi, irin waɗanda ko tuntuɓe ka yi sai sun ɗora a intanet. Ya waigo. Ya zunguri na kusa da shi. Na kusa da shi ya zunguri na gaba.

"Wai an canza murya."

"Haba? Ni ma fa na ji kamar da ɗan bambanci."

Ƙarya yake yi, wallahi bai ji komai ba. Minti biyu da suka wuce har buga cinya yake don dariya.

Amma magana ta riga ta fita. Ta tsallaka layi na takwas, ta shiga na bakwai. Kawu Gemu ya saki wata maganar ban dariya, rabin ɗakin kawai ya dara. Sauran sun kasa kunne, kowa ya zama gwanin tantance murya.

Wani ya ɗaga murya daga gefe: "Kai, jabu aka sa mana ne?"

Lurwanu ya dubi yayansa.

Sagir ya buɗe ido. Ya damƙe hannun kujera, jijiyoyin hannunsa duk sun miƙe. Ɗaya hannun ya kai shi kan hiramin wuyansa yana ƙara ja, kamar wani zai fizge.

Abin da ya jira shekara tara yana tsiyayewa a gaban idonsa, kuma ko "a'a" ba zai iya cewa ba.

Matashin nan ya kunna kyamarar wayarsa, ya haske fuskar dattijon da fitila.

"Baba, maimaita abin da ka ce. Yau sai mun tona musu asiri."

Nan Lurwanu ya yi kuskure.

Zuciya ta ɗebe shi, ya manta da kansa. Ya sunkuya wajen dattijon ya ce, "Baba, don girman Allah ka yi haƙuri, a bari a gama kallon."

Kalma goma sha biyu. Sun isa.

Dattijon ya juyo da kansa a hankali. Hannunsa ya lalubo, ya cafke tsintsiyar hannun Lurwanu. Riƙo na gaske, ba na wasa ba.

Lurwanu ya sandare. Fitilar waya na kansu. Ya san in tsohon nan ya ce "ga shi nan", shi ke nan, an gama. Kafin la'asar bidiyon ya zaga gari.

Dattijon ya jawo shi kusa, har Lurwanu na jin numfashinsa. Wannan karon ya yi ƙasa da murya sosai.

"Kai ne."

"...Ni ne, Baba."

"Abu ɗaya zan tambaye ka, kada ka yi min ƙarya. Yana raye?"

"Yana raye, Baba. Ga shi nan a damana. Muryar ce babu."

Riƙon ya saki.

Dattijon ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi." Hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin tabarau.

Jama'a, ashe ba fushi yake yi ba.

Tsoro yake ji.

Daga baya matar ta ba su labari. Tun da idon mijinta ya rufe, ya daina fita, ya daina hira, ya daina dariya. Wata rana jikoki suka kunna katun ɗin nan a tsakar gida, sai kawai ta ji shi ya tuntsire daga ɗaki. Tun ranar bai ƙara fashin shirin ba.

Kuma shi kaɗai ya lura, a shekara biyun ƙarshe, cewa muryar Kawu Gemu tana dushewa. Yakan ce mata, "Uwani, mutumin nan ba shi da lafiya. Kin ji yadda yake jan numfashi kafin ya yi dariya?" Bai san sunansa ba, bai san garinsu ba, amma ya sa shi cikin addu'a bayan kowace salla.

Da ya ji wata murya daban yau, sai ya ɗauka an yi rasuwa an ɓoye.

Mu koma ɗakin.

Matashin nan har yanzu yana haske su. "Baba, muna jiran ka. Jabu ne ko ba jabu ba?"

Dattijon ya share fuska, ya ɗaga kai. Ya yi magana yadda har na layin baya za su ji:

"Kai ɗan nan, kashe min fitilar nan, ba ta da amfani a wurina. Ni da matata nake magana, da kai na yi? Allah ya ba ka ido biyu lafiyayyu, ka biya ka shigo kallo, ka juya wa allo ƙeya kana kallon makaho. To ni ne bunsurun?"

Kai!

Ɗakin ya fashe. Har da masu tafi. Matashin ya kashe waya, ya nutse cikin kujera kamar kazar da ruwa ya daka.

Daidai lokacin kuwa, a allo, aka miƙa wa Kawu Gemu takardar naɗinsa na mai unguwa, abin da ya yi shekara tara yana nema. Ya karɓa da rawar jiki. Ya tsaya jawabin godiya, yana yi yana ɗan gatsar gefenta bai sani ba. Kafin ya kai "a ƙarshe", ya cinye ta tas.

Matar ta raɗa wa mijinta: "Malam, ya cinye takardar!"

Dattijon ya ƙyalƙyale, har sandarsa ta faɗi.

Ɗakin kuwa ba a magana. Wata mata tana cewa "wayyo cikina!" Wani ya zame daga kujera. Yara suna tsalle. An manta da zancen murya kamar ba a taɓa yi ba.

Sagir ya rubuta wani abu a waya, ya miƙa wa dattijuwar ta karanta wa mijinta.

"Wai ya ce, ƙanen nasa ya iya?"

Dattijon ya ce, "Ya iya. Amma a dariya ta uku muryarsa ta yi rawa. Kuka yake yi lokacin, ko?"

Lurwanu ya sunkuyar da kai. Sau goma sha bakwai ya sake ɗaukar dariyar nan. Duk sanda ya ɗago ya ga yayansa yana nuna masa ita da hannu, sai kuka ya ƙwace masa.

Dattijon ya miƙa hannu ta gaban Lurwanu. "Ba ni hannunka, bawan Allah."

Sagir ya ba shi.

Haka suka zauna, hannu cikin hannu a kan cinyar Lurwanu, fim na ci gaba.

Can Kawu Gemu ya sake tafka wata, ɗaki ya sake ɗauka. Sagir ya kasa riƙewa. Ya ja numfashi, kafaɗunsa suka hau rawa, duk jikinsa na girgiza. Dariya yake yi, ba sauti ko kaɗan.

Babu wanda ya ji ta a ɗakin nan mai mutum ɗari biyu.

Sai mutum ɗaya.

Dattijon ya ƙara damƙe hannun, ya juya wajen matarsa, fuskarsa sharkaf da hawaye.

"Uwani. Ga shi nan. Wannan ce dariyar Kawu Gemu."

Darasi:

Ba duk wanda ya ce "wani abu ya canza" ne yake neman tona maka asiri ba. Wani ya lura ne saboda ya daɗe yana sauraron ka da zuciya ɗaya, har yana yi maka addu'a ba ka sani ba.

Ku kuma masu saurin zaro waya, don Allah ku riƙa tsayawa. Dattijon nan da matashin nan abu ɗaya suka ji. Ɗaya ya tambaya, "Wa ya yaudare mu?" Ɗaya ya tambaya, "Yana raye?"

In ka ga mai ba ka dariya ya sauya, ka fara tambayar lafiyarsa kafin ka tambayi laifinsa.

Akwai wani da ya daɗe yana faranta maka rai, ba ka taɓa ce masa "ya jikinka?" ba. Tura masa wannan yau, sannan ka kira shi. Ka kuma yaɗa shi, ko Allah zai sa ya kai ga wani mai waya a hannu kafin ya danna.