Wainar Inna Laure a ranar haihuwata

Ina cikin wanke-wanke da safiyar yau sai na ji sallama. Inna Laure ce, maƙwabciyata mai tuyar waina, ɗauke da kwanon waina, ta soka ƙaton kyandir a tsakiyar wainar.

Coci ne ya turo ni aikin mishan a wani ƙauye kusa da Falgore, ina duba marasa lafiya. Gida kuwa Kagoro. Da asuba Mama ta kira tana yi min waƙar ranar haihuwa, na fashe da kuka. Ashe Inna tana ji ta katanga.

Bayan mun gaisa na ce, "Inna, wannan fa? Ai ku ba kwa bikin ranar haihuwa."

Ta ce, "Ba ma yi, 'yar nan. Ni ko tawa ranar ban sani ba, an dai ce lokacin cirar gyaɗa ne. Amma rana irin ta yau wata baiwar Allah ta sha naƙudarki, ga shi tana nesa. Ni zan tsaya mata. An ce sai da kyandir, to hura mu gani!"

Ta ƙyasta ashana. Na yi ta hurawa, kyandir ya ƙi mutuwa, Inna tana dariya har da riƙe ciki. Ta sa min albarka, muka cinye wainar tare.

Hidima na zo yi wa mutane, yau ni aka yi wa. Ku fa, wa ya taɓa zame muku uwa a baƙon wuri?